Yadda Gizo Ya Sayar da Labarin Ƙoƙi

Ga ta nan, ga ta nanku.

A shekarar 2020, da korona ta kulle mutane a gida, namun dajin Falgore ma sun ji a jikinsu. Ba kasuwa, ba biki, ba dandali. Kowa ya rungumi waya. Ƙoƙi matar Gizo kuwa tana da wani labari da ta daɗe tana saƙawa a ranta, na wata bazawarar Kurciya da ta ƙi sayar wa sarki gonar gadon 'ya'yanta. Ta sayi littafi, ta riƙa rubutawa cikin dare a hasken aci-balbal. Duk fitowar da ta gama sai ta sa kwanan wata a ƙasa. Gizo yana kwance a tabarma yana dariya, wai tatsuniya ba ta cika tukunya.

Ta sayar da gyaɗarta buhu uku. Ta aika Farm Centre a Kano aka sayo mata waya ta hannu. Bushiya ta riƙe ɗaukar hoto. Zomo ya riƙe tacewa. Kurciya ta fito a bazawara. Kowa sai da Ƙoƙi ta rubuta masa takarda, ga aikinka ga ladanka, ya dangwala. Kanari ne kaɗai, wanda ya rera waƙar buɗe fim, ya ce, “Haba Yaya, tsakanina da ke har sai takarda?” Kunya ta kama ta, ta bar shi.

Ta buɗe tasha a YouTube. Kowace Juma'a bayan isha'i fitowa ɗaya. A can ba a fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da kallon awa 4,000 cikin shekara guda. Ƙoƙi ta yi ta ɗorawa, data na cin kuɗin cefane. Ranar da kuɗin farko ya shigo, Gizo ya tashi zaune. Da tsamin bakinsa ya ce, “Ƙoƙi, ashe fim ɗinmu ya kayɓu.”

Kura ce ta fara jin ƙamshi. Ita tun zamanin kaset da faifai take wannan sana'a. Ƙoƙi na ɗorawa, Kura na saukewa. Kafin asuba fim ya kwana a tashar Kura. Ta ji an ce akwai na'urar da ke shinshinar hoto da sauti ta gane mai su, sai ta yi dabara. Ta juya hoton, hagu ya koma dama. Ta ƙara wa murya sauri har Kurciya ta koma magana kamar ɓera. Ta zagaye hoton da furanni. Ta datse sunayen ma'aikata. Ta zaunar da 'ya'yanta bakin tashar mota suna tura wa matafiya a memori.

Ƙoƙi ta tafi wurin Dila malamin daji, idonta jawur.

“Allah gafarta malam, ban yi rajista ko'ina ba. Shi ke nan na yi asara?”

Dila ya gyara zama. Ya ce haƙƙin mallaka ba ya jiran rajista. Ranar da labari ya sauka a takarda, ko hoto ya shiga waya, ranar ya zama na mai shi. Kai shi Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ƙarin shaida ne, kuma yana da kyau a yi. Ya nuna mata inda ake kai ƙara a YouTube. Ta sa sunanta na gaskiya, ta nuna nata, ta nuna na sata. Duk ƙarar da ta tabbata, a sauke fim, a yi wa tasha tabo. Tabo uku cikin kwana 90, a rufe tasha.

Aka rufe tashar Kura. Washegari ta buɗe wata da sunan Amina. Aka rufe. Ta buɗe ta Burungu. Aikin ya zama kamar korar tsuntsu a gonar gero, kullum da safe sai an fita. Zomo ya liƙa tambarin Ƙoƙi a jikin hoto, yana yawo daga wannan kusurwa zuwa waccan, yadda ba a datse shi sai an datse fuskar Kurciya. Na memori kam hannun Ƙoƙi bai kai gare su ba. Wannan ya ci mata rai, kuma duk wanda ya taɓa sayar da buhunsa don ya yi aiki ya san zafin.

Ana nan, zango na uku ya fita. Labari ya kai kunnen Zaki manyan dawa. Shi yana da gidan talabijin, da motoci, da fitilu masu mai da dare rana. Ya aika aka kira Ƙoƙi. Ya ce zai sake yin fim ɗin da girma. A cire Kurciya a sa Ɗawisu. Kowace fitowa rawa da waƙa a lambu. A ƙarshe bazawara ta sayar da gona, ta auri sarki.

Ƙoƙi ta durƙusa. “Ranka ya daɗe, in ta sayar da gonar ai ba ita ba ce. Ka yi mini afuwa.”

Ta dawo gida ta ba Gizo labari. Gizo ya ce ta kyauta. Dare na rabawa ya sulale gidan Zaki.

“Yanka ya daɗe, ai mata ba su shan ciniki ba. Ni ne maigida.”

Aka ba shi bijimi da gero buhu goma. Ya sa hannu. Ya kwafe littafin Ƙoƙi kaf ya miƙa. Marubutan Zaki suka zauna wankiya, a sauya riga a bar jiki.

Ƙoƙi ta ga tallar fim ɗin a waya. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta ɗaure littafinta da takardunta a zane, ta nufi gindin tsamiyar Dila. Lokacin sabuwar doka ta zo, ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Daji ya cika. Zaki ya zo da lauyansa Hankaka.

Hankaka ya ce bazawara da gona a kowane gari akwai su. Wa ya mallaki wannan?

Dila ya ce gaskiyarka. Doka ba ta shinge ra'ayi. Ruwan kogi na kowa ne, wanda ya so ya yi fim a kan bazawara da gona ya je ya ɗebo. Amma wanda Ƙoƙi ta ɗebo ta zuba a tulunta, a taɓa shi sai da izininta. A kawo littattafan biyu.

Aka jera su. Sunayen 'ya'yan bazawara uku, iri ɗaya. Mai haƙar rijiya mai ido ɗaya, ga shi nan. Daren da aka ƙona rumbu, a fitowa ta shida can, a fitowa ta shida nan. Dila ya buɗe fitowa ta tara ya yi murmushi. A nan barci ya ɗebi Ƙoƙi, ta kira jakin maigari Goho a sama, ta kira shi Duna a ƙasa. Aka duba na Zaki. Goho a sama, Duna a ƙasa. Hankaka ya sunkuyar da kai.

Zaki ya jefo takardar ciniki. Dila ya karanta. Ya ce gyaɗar wa aka sayar? Wa ya tara ma'aikata, wa ya biya su? A doka, wanda ya shirya yin fim shi ne mai fim, sai in sun rubuta wani abu dabam a tsakaninsu. Bushiya da Zomo da Kurciya suka fito da takardunsu. Sayar da haƙƙi kuwa ba ya ci sai a rubuce, daga hannun mai shi.

Gizo ya ce, “Ai ni ne mijinta.”

Dila ya ce sadakin da ka biya bai haɗa da littafi ba. Fim nata ne shekara 50 daga ƙarshen shekarar fitarsa. Rubutun nata ne iya rayuwarta, magada su ci shekara 70 bayanta. Ko da ma ta sayar, tana da ikon a ambaci sunanta, da ikon ƙin a lanƙwasa aikinta yadda zai zubar mata da mutunci.

Zaki ya waiga neman Gizo. Gizo ya riga ya kai rufin ɗaki. Bijimi kuwa tuni ya shige ciki.

Daga baya Zaki ya sauko. Ƙoƙi ta ba shi hayar fim ɗinta ya haska a gidansa shekara biyu, ba ƙari ba ragi, sunanta a gaba, komai a rubuce. Shi kuma ya sa aka rubuta masa wani labarin bazawara da gona daga tushe, Ɗawisu ta yi rawarta a lambu, ta auri sarki. Ƙoƙi ba ta da ikon hanawa. Ta kashe waya ta ci gaba da rubutu.

Gizo yana maƙale a rufi yana tunani. Ya tuna Kanari. Ya sauko ta bayan ɗaki, ya saye waƙar da gero mudu biyu. Wannan karon ya yi karatu, sai da ya sa aka rubuta, Kanari ya dangwala. Ya kai ƙarar tashar matarsa. Dila ya ce tana da hujja, tunda Kanari da bakinsa ya rera mata, amma shari'ar za ta ja. Ƙoƙi ta kira kwaɗi suka rera sabuwa, kowane kwaɗo da takardarsa. Ita da Zomo suka kwana bakwai suna cire tsohuwar daga fitowa sittin.

Rana ta takwas ta tuƙa tuwon dawa, ta kaɗa miyar kuka da man shanu. Ƙamshi ya hau rufi. Gizo ya sauko a zarensa, ya miƙa hannu. Ta janye akushi, ta tura masa takarda da tawada. A ciki an rubuta ba shi da komai a fim, na baya da na gaba.

Gizo ya dubi tuwo, ya dubi takarda. “Ƙoƙi, da wace ƙafay zan dangwaya?”

Ta ce, “Duka takwas, maigida.”

Ƙurunƙus.