Rabe-raben Masu Kallon Gawa Mai Tafiya

Zombi, kamar yadda finafinan ban tsoro suka siffanta shi, mamaci ne da ya tashi yana yawo, ba ya magana, ba ya gane uwarsa balle maƙwabcinsa, kuma ba shi da buƙatar da ta wuce cizon mai rai. Ya sha bamban da fatalwa, domin ita jiki ta rasa, shi kuwa jikin ne kaɗai ya rage masa. Asalinsa daga Haiti yake, inda aka yi imani cewa wani matsafi da ake kira bokor, sunan da kunnen Bahaushe zai ji ya yi kama da boka, yana iya tono mamaci ya sa shi aikin rake ba lada ba hutu, wato bautar da ko kabari bai raba bawa da ita ba. A kan wannan aka gina fim ɗin White Zombie na 1932, kafin George Romero ya sallami matsafin a Night of the Living Dead na 1968, ya bar gawarwakin da yunwarsu. Masu kallon da suka taru a kan wannan halitta kuwa sun kasu gida-gida.

Akwai mai tanadi, wanda yake kallo kamar ɗalibin da jarrabawa ta ƙarato masa. Idan ya shiga gidan mutane sai ya ƙirga ƙofofi, ya auna katanga da ido, ya tambayi ko akwai rijiya. Ya ajiye adda a ƙarƙashin gado da tocilan da batirinta ya mutu tun bara, kuma ya haƙiƙance yana cikin waɗanda za su tsira, alhali hawa bene ɗaya yana sa shi haki. Babbar hujjarsa ita ce a 2011 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa shawarwarin shirin tarbar zombi, sai dai yakan tsallake cewa raha ce aka yi don jan hankalin jama'a su yi tanadin guguwa da annoba. Abin da yake jan sa a zahiri shi ne duniyar da babu kuɗin haya, babu shugaban ofis, bashi kuma ya bi mai shi kabari, ya manta cewa a waccan duniyar mai bin bashin tasowa yake yi.

Mai sharhi kuwa bai taɓa ganin zombi a matsayin zombi ba. Yana da gaskiya game da Dawn of the Dead na 1978, wanda aka ɗauka a wani katafaren rukunin kantuna a Monroeville ta jihar Pennsylvania, inda matattu suke ta gararamba a gaban shaguna saboda sabon sayayya ya bi su har bayan rai; matsalarsa ita ce daga nan kowa ya zama zombi, daga masu layin mai har masu latsa waya, bayanin da yake yi kansa a sunkuye yana latsa tasa.

Sai mai ra'ayin riƙau, wanda ya ɗauki gudun zombi a matsayin cin amanar Romero. A wurinsa masu tsere na 28 Days Later na 2002 majinyata ne da cuta ta haukata, ba matattu ba, waɗanda suka cika jirgin ƙasa a Train to Busan na Koriya ta Kudu a 2016 kuwa 'yan wasan guje-guje ne kawai. Duk da tsaurin kansa, maganarsa tana da nauyi, domin zombi mai jan ƙafa ya fi kama da ajali: ana iya tsere masa yau da gobe, amma ba ya gajiya, ba ya barci, kuma sannu ba ta hana shi zuwa.

Wadda aka fi yi wa dariya ita ce mai rufe ido, wadda take kallo ta tsakanin yatsu tana tambayar na kusa da ita, «Yaya, ya tafi?», alhali ita ce ta fi kowa gane inda tsoron yake. Jini bai dame ta ba, tunda takan gyara kaza ko gezau. Abin da yake tsinka mata zuciya shi ne irin wurin nan na fim ɗin 1968, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda yarinyar da aka ciza ta miƙe ta nufi mahaifiyarta da cokalin magina a hannu, uwar kuma tana ja da baya tana kiran ta, ta kasa ɗaga mata hannu saboda fuskar ta ɗiyarta ce ko da babu kowa a bayanta. Bayan an tashi takan duba sakata sau biyu, ta leƙa yara ta tabbatar numfashin barci suke yi, ta rantse ta daina kallon irin waɗannan finafinai, da gari ya waye kuma ita ce ta farko da za ta aika a tambayo ko an samu kashi na biyu.