Bishiyar da Ta Ƙi Tsayuwa

Bayan la'asar Yallaɓai ya leƙo ofis ya ce, "Malam, manhajar nan ta yi, amma baƙo ba zai san inda komai yake ba. Ka zana mana bishiyar folda a README." Na ce an gama, ranka ya daɗe.

Na duƙufa da sanda a tsaye, da karan ɗori, da alamar tarawa. Uwar folda a sama, 'ya'ya a ƙasa, jikoki na tura su gaba da tazara huɗu-huɗu. Har isha'i ina gyaran reshe, ina ja da baya ina yaba kaina. Da na ɗora a GitHub sai ga bishiyata ta watse kamar tsintsiyar da igiyarta ta tsinke. Ashe Markdown, wanda John Gruber ya fito da shi a 2004, haɗe layukan da ke jere yake yi su zama sakin layi guda, kuma ya cinye tazarar, sai fa in an killace zanen tsakanin 'yan alamomin ` ɗin nan uku-uku. A can ne kowane harafi ke samun faɗi ɗaya da ɗan'uwansa.

Wata ɗaliba da ke koyon aiki a wurinmu ta dube ni da tausayi. "Malam, ai da ka rubuta tree kawai, kwamfuta za ta zana maka."

Na rubuta. Ta zana kuwa, har da node_modules, rumbun tarkacen da babu mai leƙawa. Layuka dubbai suka yi ta kwarara, ni kuma don ɗoki na kwashe duka na liƙa. Yarinyar ta koya mini -L 2 da -I don taƙaita zanen, tana danne dariya da gefen mayafi.

Washegari Yallaɓai ya buɗe fayil ɗin a tsohuwar kwamfutarsa wadda ba ta karanta shi a matsayin UTF-8 ba. Duk inda na sa ├── sai ya ga â”œâ”€â”€. Ya zare waya daga bango yana salati, wai ƙwayar cuta ta shigo.

Kafin azahar wani abokin aiki ya sauya wa manyan folda biyu suna, bai gaya wa kowa ba. Zanen yana nan a README, tsaf da shi, yana nuna wa baƙi hanyar da babu ita.