Kwarkwasa a Lambun Entebbe

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Kampala shi ya ja ni. Na je Yuganda wani taro, na kira shi ya karɓi saƙon uwarsa, kilishi da yaji da man shanu, sai ya ce: "Kawu, gobe Asabar za mu je kallon tsuntsaye a Entebbe, ka zo mana." Na ce in an kalle su sai a yi yaya da su? Ya ce sai a rubuta sunayensu a koma gida. Na yi shiru ina lissafin kuɗin makarantar da ake tura masa da dala.

Ni fa ba baƙo ba ne a harkar tsuntsu. Da danƙo a wuya na tashi. Kurciya, hazbiya, fakara, duk na san su, amma a kan garwashi muka saba. Don haka na amsa masa da niyyar in je in nuna wa yaran zamani cewa kafin a haife su ake sanin tsuntsu.

Da asuba na ci ado: farar shadda da ta sha sitaci da bugu, hula zanna, takalmi sau-ciki. A ƙofar lambun na tarar da jama'ar tafiyar, kowa cikin kaya ruwan ƙasa, kowa ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa. Har da wata tsohuwar Baturiya 'yar Ingila mai kyamara da tsawonta ya kai damtsena. Na raɗa wa yaron cewa ko a bakin kasuwa na ga mutum da wando cikin safa, hanya zan canza. Ya ce, "Kawu, da dai ka cusa naka." Na ce Allah ya kiyaye.

Jagoranmu wani siririn ɗan ƙasar ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ssebo," haka suke girmama namiji a can, "tsuntsu na hango fari daga nesa." Na ce ai balbela ma fara ce, ba a taɓa korarta daga daji ba. Bai yi dariya ba. Da muka kama hanya kuwa, duk takun da na yi sai shadda ta ce ƙwaras, duk abin da ke kan reshe ya tashi fir. Aka mai da ni ƙarshen layi.

Lambun dai ba ƙarami ba ne wajen shekaru. Turawan Ingila suka kafa shi a 1898, a gaɓar tafkin Biktoriya, lokacin Entebbe ce mazaunin gwamnatinsu. Yau gari ya kewaye shi, otal-otal ta nan, filin jirgin sama ta can, kana jin rugugin jirgi kana jin kukan gaggafa mai cin kifi. Itatuwan da aka bari suka tsufa su ne suka tara tsuntsayen, domin akwai masu buƙatar kogon tsohuwar bishiya kafin su yi ƙwai, kuma a wajen shinge irin waɗannan itatuwa tuni sun zama katako da gawayi. Yuganda na da nau'in tsuntsaye fiye da 1,000, Nijeriya fiye da 900. Da jagora ya faɗi haka sai na ƙirga waɗanda na sani da suna, na tsaya kafin in kai talatin, kuma rabinsu na taɓa ci.

Aka miƙo mini madubin hangen nesa. Na ɗora a ido na ga duhu, aka cire mini murfi. Na sake ɗorawa na ga ganye, ganye, ganye, sai ƙeyar Baturiya. Kowa na cewa "ga shi can, ga shi can," ni kuwa sai in ce "ƙwarai, masha Allah," don kada a raina Arewa. Wanda na gani ba da taimakon kowa ba shi ne babba-da-jaka, wanda ke tsaye a bakin ruwa da sanƙonsa da jakarsa a wuya, yana mini kallon tsohon alƙalin da ya riga ya yanke hukunci. Sai kuma wasu manyan dangin cilakowa, baƙi da fari, masu ƙahon baki, da in sun wuce kana jin fukafukansu na huci.

Can sai ga fito daga sama, wasu tsuntsaye masu ruwan toka da jar wutsiya suka gifta a guje. Na ce, "Kai, akun wa ya tsere?" Yaron ya ce, "Kawu, nan gidansu ne." Wallahi ban taɓa kawo wa raina cewa aku na tashi sama haka ba. Akun da na sani yana cikin keji a zauren wani attajiri, an datse masa fiffike, yana zagin almajirai. Jagora ya ce son da muke wa bakinsa shi ya cinye shi: a Ghana bincike ya nuna an rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na akun ƙasar tun daga 1992, har a 2016 ƙasashen duniya suka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ya tambaye ni ko har yanzu muna da gauraka, tunda 'yar'uwarta ce a jikin tutarsu tun 1962. Na ce muna da ita a gidajen sarauta da na masu kuɗi. A fadama fa? Na gyara hula. Ungulu ma da ke cika mahautar garinmu ina yaro, rabona da ganinta har na manta, kuma tun 2015 aka sa ta cikin masu gab da ƙarewa. Masu neman kanta don haɗin asiri sun san inda ta tafi.

Daga nan muka kutsa ɓangaren kurmi, inda rana ba ta taɓa ƙasa. Jagora ya ɗaga hannu, kowa ya daskare. A can ƙololuwa wani ƙaton tsuntsu ne shuɗi, mai baƙin tukku, baki rawaya da ja a tsini, ya fi zakaran gidanmu tsawo. Turako suke ce masa, kuma shi ne babba a danginsa. Baturiya ta raɗa cewa saboda shi ta biya kuɗin jirgi. Ta durƙusa ta saita kyamara. Jagora ya waiwayo ya dube ni, ni kaɗai, ya ɗora yatsa a leɓe.

Na tsaya cak. Inda na tsaya ɗin ne matsalar.

Kwarkwasa ba ta cizo tun daga ƙafa. Haurawa take yi a natse, ita da dukkan danginta, ta bi ta cikin wando mai faɗin ƙafa irin nawa, sai ta kai inda mutum ba zai iya sosawa a gaban jama'a ba, sannan a ba da umarni. Cizon farko na haɗiye shi da salati a zuci. Na biyu na cije leɓe, hawaye ya zubo, yaron ya ɗauka kyan tsuntsu ne ya taɓa ni, har ya dafa kafaɗata. A na uku na kurma ihun da ban san ina da shi ba. Na yi sama, shadda ta yi ƙara, turako ya yi gabas, aku suka yi yamma, wasu birai masu launin baƙi da fari da ba mu ma san suna wurin ba suka fara gurnani.

"Cire wandon, Ssebo! Cire!" in ji jagora. Na ce a gaban matar mutane? Kwarkwasa ta ƙara mini bayani, na ruga bayan wata bishiya. Ga wanda bai sani ba, ko ka fizge ta kanta na nan maƙale a fata, sai an bi ɗaya-ɗaya. Yaron na tsince mini yana cewa "sannu Kawu," muryarsa na rawa, na san ba ta tausayi ba ce. Na ajiye hula da ledar kilishin guzurinmu a kan wani kututture. Kafin in ɗaure tazuge wani ƙaramin biri ya sauko ya ɗauki ledar, ya haye reshe ya buɗe ya gutsura. Yajin Kano ya gaishe shi. Ya yi atishawa, ya watso mana sauran, ya sauko a fusace ya ɗauki hular.

Na fito kai ba hula, wando a cuse cikin safar da jagora ya ara mini. Na je in ba Baturiya haƙuri, sai na tarar tana dariya har tana riƙe ciki. Ta juyo mini da kyamarar. A hoton tsuntsun, bakin wutsiya kawai ta samu. Amma da ta waiwayo jin ihu yatsanta bai bar maɓalli ba, ga ni nan tar, ƙafafu biyu a sama, riga a buɗe, baki a wangame.

Na roƙi yaron da girman zumunci kada hoton ya bar Yuganda. Ya rantse. Kafin motarmu ta kai Kampala wayata ta fara ƙara: zauren WhatsApp na dangi, saƙo kan saƙo. Uwargida ba ta tambayi lafiyata ba. Cewa ta yi, "Malam, ina hular da na saya maka da Sallah?"