Kwana Biyu Za Ka Yi a Abuja, Ba Ƙaura Ba

Duk Bahaushen da ka gani a tashar Na'ibawa zai tafi Abuja da 'yar jaka ɗaya rataye a kafaɗa, to ɗayan biyu ne: ko dai bai gaya wa kowa zai yi tafiyar ba, ko kuwa ba shi da gwaggo. Na daɗe ina bin wannan hanya daga Kano, na sha wuya a hannun kaya har na gode Allah, don haka ga abin da na koya, kyauta.

Da farko dai ka iya bakinka. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya jiƙansu, amma a zamaninsu babu wayar salula. Yau in ka fara shiri tun ana saura kwana uku, kafin la'asar labari ya zaga dangi. Daga nan sallama za ta yawaita a ƙofar gida. Kowa ya zo yi maka fatan sauka lafiya, kuma kowa da ƙunshi a hammata. Sunan ƙunshin nan "ɗan saƙo". Tunda nake ban taɓa jin an ce babban saƙo ba. Ko buhun gero ne, ɗan saƙo ne.

Bara waccan Gwaggo ta aiko yaro ya kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce, "Ɗan nan, na ji an ce za ka Habuja."

"E, Gwaggo, amma taro ne, jibi ma zan juyo."

"To madalla. Ɗan saƙo ne za ka miƙa wa 'yar'uwarka, ba wani nauyi."

Ta sunkuya ta fara jawo kaya daga ƙarƙashin gado: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa ƙulli guda, yaji, ƙuli-ƙuli, sai kuma man shanu cike da roba, an ɗaure murfin da leda an bi da tsumma. Na ce, "Gwaggo, a wace unguwa take?" Ta dube ni kamar na tambaye ta inda alƙibla take. "A Habuja mana!"

A taswirar Gwaggo, duk wanda ya wuce Kaduna yana Habuja. Suleja, wadda ke jihar Neja, Habuja ce. Mararaba, wadda ke jihar Nasarawa, ita ma Habuja ce. Ashe 'yar'uwata a Mararaba take. Wato in ka shigo ta Zuba sai ka ratsa birnin kaf, ka faɗa cunkoson Nyanya, ka fita ta ɗaya ƙofar, sannan ka fara kiran waya ana ce maka ka tsaya wajen mai shayi ga yaro nan zuwa.

Man shanun kuwa bai jira Mararaba ba. Tafiyar fiye da kilomita 400 ce, rana ta buɗe, but ɗin mota ya ɗauki zafi kamar tanda. Ina jin tun muna Zariya ya narke, kafin Kaduna ya gano inda farar shaddata take. Washegari na shiga taro da ita bayan na goge abin da zai gogu. Bawan Allahn da ya zauna kusa da ni ya yi ta waige-waige yana neman inda ake rabon tuwo.

Kada ka ce za ka ƙi karɓa. Babu ɗan halak ɗin da zai dubi idon gwaggonsa ya ce jakarsa ta cika. Maganin ɗaya ne: ka yi sallama ta waya, bayan mota ta wuce Kwanar Dangora. "Gwaggo, wallahi tafiya ce ta kama ni ba shiri." Za ta yi faɗa, amma faɗa ba ya yoyo, kuma ba a biya masa kuɗin kaya.

In ka tsira daga dangi, saura kai kanka, domin a cikin zuciyarka akwai wani maƙiyi mai suna "ko da". Bari in sa lema, ko da za a yi ruwa. Bari in sa bargo, ko da akwai sanyi. Bari in ɗauki babbar riga, ko da za a gayyace ni ɗaurin aure, ko kuma in yi kiciɓis da minista. Malam, minista bai san ka shigo gari ba. Babbar riga da 'yar ciki da wando shadda yadi goma ce, ta sha sitaci ta sha bugu, in ka naɗe ta sai ta cinye rabin jaka, kuma haka za ka dawo da ita a naɗe, sai dai ta ƙara da ƙanshin daddawa. Kaftani biyu sun ishe ka, ɗaya a jiki ɗaya a jaka, kuma ka zaɓi ruwan toka ko ruwan ƙasa, masu rufa asirin matafiyi. Hula a kai take tafiya. In ka nace sai ka ƙara ta biyu, cusa safa da caja a cikinta don kada ta lotse. Takalmi kuwa wanda ke ƙafarka, sai silifas na alwala.

Na taɓa ganin mutum ya buɗe jaka a tasha yana neman tikiti, sai ga buta, ga dutsen guga, ga filas ɗin shayi da kofi biyu. Buta! Zuwa garin da ke da Babban Masallacin Ƙasa! Kofi na biyun ban san na wa ba ne, wataƙila ko da zai yi baƙo a hanya.

Hajiya, ke kuma a nan zan taka a hankali, don ina so a ba ni abincin dare. Na san turmi yadi shida ne, kuma kowace atamfa ba ta fita sai da mayafinta da takalminta da jakarta mahaɗi, kamar amarya da 'yan rakiya. Abin da kawai zan roƙa, kaskon turaren wuta ya zauna a gida. Baƙar abaya ɗaya tana shiga ofis, ta shiga asibiti dubiya, ta shiga gidan suna, ba wanda zai ce uffan. Humra kuma a tsiyayi kaɗan a 'yar kwalba. Na yi shiru.

Ita kanta jakar abar lura ce, domin jaka kamar rumbu take, in ta ga fili sai ta nemi a cika ta. Ka nisanci Gana-mas-go. Sunan nan ya samo asali ne daga 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, da yawansu 'yan Ghana, suka tattara komatsansu a cikin irinta. Jaka ce ta wanda aka ce ya bar ƙasa kada ya dawo. Kai da za ka kwana biyu me ya haɗa ka da ita? Haka akwatin lefen uwargida, bar shi a kan sif. Nemi wadda za ka iya ɗora wa a cinya cikin adaidaita sahu ba tare da na kusa da kai ya yi tsaki ba.

Ribar za ka fara ganinta tun a tasha. Ɗan kamasho ba ya da sikeli, da ido yake awo: ya dubi kayanka, ya dubi shaddarka, ya dubi agogonka, sannan ya yanka kuɗi. Mai jaka a cinya kuwa ba a ko kallonsa. In ta Kaduna za ka bi ka hau jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu, wanda aka buɗe a 2016, ka tuna tashar Idu tana can bayan gari, kuma an hana acaba a tsakiyar birnin tun 2006, don haka duk abin da ka ɗauko kai da shi za ku yi ta neman tasi. Masu jirgin sama su ma ba su san gwaggo ba: jakar hannu in ta wuce wajen kilo 7 sai a fara yi maka wani kallo.

Abin da ba a bari kaɗan ne: katin shaida, katin banki, caja, fawa-banki, magani in kana sha, asuwaki, da 'yan tsabar kuɗi saboda ranar da netwok zai yi yaji. Duk abin da ka manta akwai shi a kasuwar Wuse. Sai dai farashin zai fahimtar da kai dalilin da ya sa ake aika kuka tun daga Kano.

Saura dawowa. Yara in sun sheƙo suna "Baba oyoyo", hannunka suke kallo, ba fuskarka ba. Kada ka yi dakon tsaraba tun daga Abuja. Ka bari sai ka sauka, ka ratsa 'Yan Lemo nan Na'ibawa ka sayi lemo da ayaba, ka haɗa da biredi. Ayaba ba ta da hatimin gari, yaro ba zai tambaye ta daga ina take ba. Ka dai kiyayi 'yar'uwarka ta Mararaba, don ita ma tana da ɗan saƙo zuwa wajen Gwaggo, kuma doya ce da manja.

Ranar Juma'a mai zuwa zan sake tafiya. In ka gan ni a tasha ina jan Gana-mas-go biyu, kada ka tambaye ni komai, kama mini ɗaya kawai. Uwargida ce ta je gaishe da Gwaggo jiya.