Masu Gyaran Teburin Sinuka da Masu Leƙen Asirinsu

Duk teburin sinukar da ke ƙarƙashin rumfar kwano a Yelwa, ko a wata unguwar Jalingo, yana da ranar da zai fara nuna son kai. Za a buga ƙwallo a hankali daga wannan kusurwa, ta taho salun-alun, tana isa tsakiya sai ta karkata hagu ba wanda ya aike ta. Roba ɗaya ta daina mayar da ƙwallo, rami ɗaya ya koma haɗiye duk abin da ya gifta kusa da shi. Yara su fara guna-guni, ciniki ya ja baya, mai tebur ya nemi lambar mai gyara. Daga nan ake shiga wata gardama da ta fi wasan kansa zafi: shin mai gyara zai yi aikinsa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ko kuwa zai nuna wa mai tebur yadda ake yi, gobe ya gyara abinsa da kansa?

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da koren ƙyallen nan ya rufe. Tebur na ƙwarai, faifan dutse ne a ƙarƙashinsa, baƙin dutsen da ake kira silet. Wani maƙerin tebura na Landan, John Thurston, shi ya fara amfani da shi a 1826, don katako ya ishe shi da lanƙwasa. A babban tebur dutsen kan zo ɓari 3, kowane ɓari na iya kaiwa kusan kilo 100, na asalin gasar sinuka kuma, mai ƙafa 12 da 6, ɓari 5 ne. Yawancin teburan da ke rumfunanmu ba su kai can ba. Ƙanana ne, masu ƙwallo 15 da fara ɗaya, wasu da marmara, da yawa kuma katakon kafinta ne kawai aka lulluɓe. Ga yanayin Jalingo ba ya raga wa katako. Damina ta kumbura shi, hunturu ya busar da shi ya cika ƙyalle da ƙura, zafin Maris da Afrilu ya gasa robar gefe har ta sandare. Mai gyara dai ba zai rasa aiki ba. Halinsa ne ya bambanta.

Na farko shi ne Mai Korar Jama'a. Wannan ba ya kwance jakarsa sai rumfa ta zama wayam. Yara su tafi, 'yan kallo su tafi, shi kansa mai tebur sai an ƙirƙiro masa aike. "Alhaji, a samo mana ruwan sanyi, amma ba na shagon nan ba." Kafin Alhaji ya dawo an gama muhimmin wurin, an mayar da ƙyalle, gwani yana zaune yana share gumi. Da za a leƙa a ga abin da ake ɓoyewa, da an sha dariya: 'yan siraran gutsattsarin katako da yake cusawa a ƙarƙashin dutse, kakin zuma da yake narkarwa ya toshe mahaɗar ɓari da ɓari, sai ma'aunin ruwa irin na magina. Sirrin ke nan gaba ɗayansa. Amma kada a yi saurin raina shi. Idan aka matsa masa zai ce shekaru ya yi yana ɗaukar wa ubangidansa jaka kafin a bar shi ya taɓa ƙyalle, kuma abin da ya saya da ƙuruciyarsa ba zai bayar da shi a kan ledar ruwa ba. Maganarsa tana da tushe a ƙasar Hausa, inda ƙira da wanzanci da fawa da rini irin na Ƙofar Mata a Kano suka daɗe suna tafiya ta hanyar gado da zaman koyo, ba ta hanyar tambaya a tsaye ba.

Ƙaninsa a sana'a shi ne Mai Baljiyam. Shi ba ya korar kowa, so ma yake a taru. Makaminsa sunaye ne. Zai shafa teburin, ya girgiza kai, ya ce wannan ƙyalle ba Simonis ba ne, ƙwallayen nan kuma ba Aramith ba ne. Gaskiya yake faɗa, domin duka biyun kamfanonin Baljiyam ne suke yin su, kuma a duniyar wannan wasa sun yi suna. Idan ya ga Alhaji ya fara tsorata sai ya ƙaro Strachan da Hainsworth na Ingila. Bayan an biya kuɗin kaya masu tsada, abin da zai fito daga jakarsa yadi ne kore wanda kowane tela a babbar kasuwar Jalingo zai gane layin da aka yanko shi. Abin da wannan ke ɓoyewa ba ilimi ba ne, farashi ne.

Akwai kuma Kafinta Duk-Katako-Ne, wanda jiya gado ya haɗa, shekaranjiya ƙofa, yau kuma tebur ya faɗo hannunsa. Ba shi da sirri ko ɗaya, kuma a shirye yake ya raba shi ga kowa. Maganin kowace cuta a wurinsa guduma ce da ƙusa mai inci 3. Ba zai ɗauki lokacin mai karatu ba, kamar yadda teburin da ya gyara ba ya ɗaukar lokaci kafin ya sake lalacewa.

Wanda ya fi su daɗin zama shi ne Malam Mai Bayani. Tambaya ɗaya za a yi masa, ya ajiye sukudireba, ya nemi benci. Zai fara daga Jabalpur ta Indiya, inda hafsoshin sojan Ingila suka ƙirƙiro sinuka a 1875, ya kawo sunan Neville Chamberlain, ya ja kunne cewa ba firaministan nan ba ne, wani ne daban. Zai bi ta zamanin da ake sassaƙa ƙwallaye da hauren giwa, ya sauka a kan Bafaranshen nan François Mingaud da ake danganta wa liƙa fata a kan sanda, ya ƙare da wasan da Ronnie O'Sullivan ya ci 147 cikin minti 5 da 'yan daƙiƙu a Sheffield a 1997. Duk abin da ya faɗa haka yake. Matsalar ita ce aikin wuni ɗaya sai ya ci kwana uku, shayi da burodi a wuyan mai tebur, ƙyalle a naɗe a gefe, yara sun koma rumfar maƙwabci.

Amma duk cikinsu babu mai haɗari kamar Mai Rabin Sirri. Fuskarsa a sake, bakinsa da zaƙi. "Ai ba wani abu ba ne, Alhaji, ka ja ƙyallen sosai ka buga, shi ke nan." Ya faɗi tara, ya haɗiye ta goma. Bai ce akwai tsarin da ake bi wajen ja ba, wane gefe ake farawa, wane ake ƙarewa, don kada ƙyalle ya yi tsauri a nan ya saki a can. Bai ce ƙyallen ulu mai gashi yana da gaba da baya ba, kuma idan aka shimfiɗa shi a juye ƙwallo za ta riƙa tafiya yadda ta ga dama. Alhaji zai sayi sabon ƙyalle, ya ja, ya buga, ya yaga shi a bakin rami. Mako na zagayowa wayar Mai Rabin Sirri za ta yi ƙara, kuɗin aiki kuma ya ninka, domin yanzu gyara biyu ne, na tebur da na gyaran Alhaji. Mai Korar Jama'a rowa kawai ya yi. Wannan tarko ya ɗana.

To, su ma masu teburan ba waliyyai ba ne.

Shugabansu shi ne Na-Gani-a-YouTube. Ya ƙona data ta dare guda yana kallon wani Ba'amurke yana daidaita dutse ɓari 3 a ɗaki mai sanyi, da ma'aunin injiniyoyi mai gane karkatar da ido ba ya gani. Gari na wayewa ya tunkari nasa teburin na katako, wanda ke tsaye a kan ƙasa mai gangara, ƙafa ɗaya a kan bulo, ɗaya a kan murfin kwalba. Ya ji an ce ana goge ƙyallen sinuka, kuma haka ne, ana yi, da busasshen dutsen guga na musamman, a bi kwanciyar gashin ƙyallen ta fuska ɗaya. Shi kuwa sai ya aro na gawayi daga mai wanki da guga. Tambarin da ya bari a tsakiyar teburin yana nan har yau, yara ma sun mayar da shi alamar ajiye farar ƙwallo.

Na biye da shi Mai Waya a Kunne. Yana tsaye a bayan mai gyara yana "eh, eh, ina jin ka", alhali babu kowa a layin, kyamara ce ke aiki. Wannan ba teburinsa kaɗai yake so ya gyara ba. Kwana kaɗan za a ji labarin ya sayi jaka, yana zagaya Sabon Gari da Magami yana karɓar aiki a rabin farashi. Shi ne dalilin da ya sa Mai Korar Jama'a yake korar jama'a, kuma duk wanda zai zagi wancan, to ya fara da wannan.

Sai Mai Tambaya Kawai, wanda ke kira bayan isha'i. "Oga, ba aiki ba ne, tambaya ce kawai." Tambayar ta kai minti 40, ta ƙunshi gam, da roba, da inda ake sayen kowanne, kuma da filashin ya fara, mai gyara ne ya kira da katinsa.

Akwai wani wanda ba mai tebur ba ne, ba mai gyara ba, amma ra'ayinsa ya fi na kowa ƙarfi, wato Zakaran Rumfa. A irin wuraren nan wanda aka cinye shi ke biyan kuɗin wasa, shi kuwa ya manta rabon da ya sa hannu a aljihu. Ba don ya fi kowa iya riƙe sanda ba. Ya haddace teburin ne. Ya san gangarar da ke kai ƙwallo ramin hagu, ya san robar da ta mutu, ya san inda ƙyalle ya tattare. Baƙo ya zo da ƙwarewarsa daga Yola ko Jos, teburin da kansa zai kayar da shi. Ranar da aka ce mai gyara na zuwa, Zakara ne zai fi kowa rantsuwa cewa teburin lafiyarsa ƙalau, masu ƙorafi ne ba su iya ba. Idan aka daidaita, sai a neme shi a rasa na mako biyu.

Abin da duk waɗannan mutane ba su lura da shi ba shi ne, yawancin abin da ake faɗa a kansa ba a ɓoye yake ba. Hukumar duniya ta irin wasan nan mai ƙwallo 15 da fara ɗaya, WPA, ta wallafa ƙa'idojin teburin gasa ga kowa: kaurin dutse kada ya gaza inci 1, karkatarsa a tsawon tebur kada ta wuce kusan rabin milimita, bakin roba ya tsaya a kashi 63 da rabi cikin 100 na tsayin ƙwallo. Roba ta yi ƙasa da haka, ƙwallo ta riƙa tsalle. Ta yi sama, ƙwallo ta mutu a jikinta. Ga lissafin nan a fili, amma a ba Na-Gani-a-YouTube shi a rubuce, a ga ko zai fitar da rabin milimita daga dutse mai kilo 100. A ƙasashen waje har doka ake yi kan irin wannan, jihar Massachusetts ta Amurka ta yi ta a kan gyaran mota a 2012, Tarayyar Turai ta yi tata a kan kayan amfanin gida a 2024. Can kamfanoni ne ke kulle bayanai da kayan gyara. A Yelwa babu wanda ya kulle komai, hannu ne kawai bai saba ba.

Wani ilimin kuma ɓoye shi zalunci ne. A ɗauki teburin da ake jefa wa kwabo. Tun da sulallan da aka fitar a 2007 suka ɓace daga hannun jama'a, irin waɗannan tebura sun koma karɓar ƙarfen da mai rumfa ke sayarwa, ko kuma an cire musu makulli. A cikinsu akwai hanyar da ke raba farar ƙwallo da sauran, ta dawo da ita waje. A wasu teburan farar ta ɗan fi sauran ƙanƙanta, a wasu ta fi girma, a wasu kuma ƙarfe ne a cikinta wanda maganaɗisu ke ja. Farar ta ɓata, mai tebur ya sayo wata ba tare da sanin haka ba, ta shige ciki ta ƙi fitowa. Mai gyaran da zai zo ya karɓi kuɗin "babban aiki" a kan wannan, sau biyu ko sau uku, bai faɗi jimla ɗayar da za ta kashe matsalar ba, ba sirrin sana'a yake karewa ba. Cin amana yake yi.

Don haka masu gyara su saki ƙananan abubuwan nan kyauta, tun kafin a tambaye su: a riƙa share ƙyalle da buroshi mai laushi ta fuska ɗaya, a rufe tebur idan an tashi, musamman da hunturu, kada a bari rana ko feshin ruwa su same shi, kada yaro ya zauna a kan roba, kada a goga alli a saman tebur, kada a ja shi daga wuri zuwa wuri, a san irin farar ƙwallon da yake karɓa. Babu mai gyaran da zai rasa abinci saboda wannan, kuma wanda ya faɗa shi za a fara nema ranar babban aiki. Shi kuma mai tebur, idan maganar ta kai ga ɗaga dutse, sauya roba ko shimfiɗa sabon ƙyalle, ya mayar da wayarsa aljihu, ya biya kuɗin aiki cikakke. In kuma da gaske sana'ar yake so, ya je ya gaida Oga da goro, ya ɗauki jaka ya bi shi.