Hajiya Ta Sayi Inji, Saura Zane

Yanzu biki bai cika biki ba sai an liƙa sunan ango da amarya a kan duk abin da ba ya gudu: bokiti, mafici, kofi, jaka, har saman kek sai an kafa masa kwali mai ƙyalli. Ganin haka, sabuwar sana'a ta sauka a tsakar gidaje. A yi odar ƙaramin injin yanka takarda, Cricut ko Silhouette, a ɗauke shi hoto tun yana cikin leda, a baza a WhatsApp: "Alhamdulillahi, mun fara karɓar aiki." Ba a ma gano inda ake kunna shi ba.

Kamfanonin nan biyu duk a jihar Utah ta Amurka suke, inda mabiya cocin Mormon suka ɗauki adana tarihin dangi da matuƙar muhimmanci. Tun 1981 wata mata, Marielen Christensen, ta buɗe shagon kayan ƙawata kundin hotunan iyali a garin Spanish Fork, injin Cricut na farko kuma ya fito a 2006. Su suna yanka furanni su kewaye hoton kaka don tattaɓa-kunne ya gani. Mu kuwa hoton kakarmu ya tafi da wayar da aka zare mana a kasuwa, amma fuskar amaryar maƙwabta tana nan daram a jikin bokitin wanki, tana shan ruwan sabulu safe da yamma.

Ranar da aiki na farko ya shigo, ranar Hajiya ke gane cewa injin nan ba ya kallon hoto. Layi kawai wuƙarsa ta sani. Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne, da an faɗaɗa shi sai ya dagule. Abin da injin ke so shi ne zanen bekta, wanda lissafi ne zalla: tashi daga nan, lanƙwasa kaza, tsaya can. Injiniyan kamfanin Renault na Faransa, Pierre Bézier, shi ya yaɗa wannan lissafi a shekarun 1960 wajen zana jikin mota. Irin wannan zane, a fayil ɗin SVG, ko an ja shi ya cika allon talla gefensa ba ya gurɓata. Hajiya dai ba ta yi rajistar darasin lissafi ba, sana'a ta zo yi.

Sai a shiga mataki na ɗaya, wato bara. "Don Allah 'yan uwa, wa ke da zanen kambin sarauniya? Na gaggawa ne, gobe kamu." Wata baiwar Allah ta turo hoton da aka ɗauka daga fuskar wayar wata, tambarin mai zanen na kwance a tsakiya. Injin, da yake ba ya munafunci, ya yanka kambin har da tambarin.

Mataki na biyu, farautar kayan banza a intanet. Can kuwa abin da ya fi yawa kabewar Halloween ce da barewar Kirsimeti da furen dusar ƙanƙara. Shi ya sa za ka je walimar sauka a watan Afrilu, zafi na narka kwalta, ka tarar ƙanƙarar takarda na reto a kan alarammomi. Son banza dai ba namu ba ne mu kaɗai: a 2021 kamfanin Cricut ya so ya taƙaita wa marasa biyan kuɗin wata ɗora zane zuwa 20 a wata, Turawa suka yi masa ca, ya janye ba shiri.

Mataki na uku, a nufi yaron shagon kwamfuta mai manhajar zane ta CorelDRAW.

"Ɗana, ɗan juya min wannan, ai aikin minti biyu ne."

"Hajiya, wannan sai an sake zana shi layi-layi."

"To ba kwamfuta ce ke yi ba? Kai meye naka a ciki?"

Wadda ta biya kuɗin inji da dala ko tari ba ta yi ba, ita ce za ta miƙa masa kuɗin kati, ta cike sauran da "Allah Ya yi maka albarka." In ya ƙi, ta koma gida ta danna maɓallin da ke bin sawun hoto da kansa, irin wanda ke cikin manhajar Inkscape ta kyauta. Maɓallin nan yana aiki lafiya a kan zane baƙi da fari mai tsabta. Amma a ba shi hoton ango, sai hula ta haɗe da kunne, gemu ya fito gutsi-gutsi, injin ya kwana yana ƙara. In kuma an manta ba a haɗe haruffa ba, kwali na fitowa sunan ango ya rabu da na amarya tun ba a ɗaura ba, ɗigon "i" kuma sai an yi shara a same shi.

Abin dariyar ma, zanen da wuƙar nan ta fi so a ƙofar gidanmu yake. Dagin Arewa, aska takwas ta babbar riga, adon bangon tsofaffin gidajen Zariya da Kano, zanen ƙwarya: duk layuka ne tsaf, masu kaifin gefe. Magina da maɗinkan da suka fito da su ba su taɓa roƙon kowa fayil ba.

Saboda haka, Hajiya, ɗaya cikin biyu: ko ki zauna ki koyi jan layi da kanki, Inkscape ba ta karɓar ko sisi, ko ki biya yaron nan haƙƙinsa da kuɗin da ake ƙirgawa. Ku kuma masu biki, kafin a buga bokiti na gaba, a wanke hoton kaka ko guda ɗaya a adana.