Igwar Kwali: Yadda Ake Harbi da Gammon Iska

Da farko dai, kada ka kira ta igwa a gaban mutane. Ka ce kwali ne. In ka shiga kasuwar Wara kana tambayar kayan haɗa igwa, kafin la'asar labari ya isa Yelwa, kuma a hanya an ƙara masa harsashi.

Nemi babban kwali, irin wanda ake shaƙewa da bandar kifi a yi Kudu da ita. Zai yi ƙarni, ka haƙura, ai kyanwoyin unguwa ma 'yan kallo ne. Liƙe duk wata kafa da salatif, har sai ya zama ba inda iska za ta sulale. Sai ka kifa ƙaramin kwano a tsakiyar fuska ɗaya, ka zagaye bakinsa da biro, ka yanke. Kada ka yi yankan da wuƙar gyaran kifi ta uwargida sai da izininta. Ni na yi, kuma har yau ana tuna mini.

Shi ke nan, aiki ya ƙare. Na san ka so a ce akwai waya da batir.

Yanzu ɗora kwalin a kan turmi, ka kunna kyandir kamar taku biyar daga bakin hudar, ka saita, sannan ka bugi gefunan biyu da tafukanka lokaci guda. Bugu ɗaya, gajere, mai kaifi. Ba kalangu ba ne. Za ka ji "buf", a ɗan yi shiru, sai wutar ta mutu kamar an tsawata mata. Yi ta hura bakinka daga nan inda kake har jijiyar wuya ta tashi, kyandir ba zai san kana yi ba.

Sirrin yana bakin hudar. Iskar da ta fito ta tsakiya da gudu take fita, ta gefe kuwa tana gogar iskar waje da ke zaune, sai ta rage sauri ta lanƙwashe baya, ta naɗe kanta. Abin da ke fita gammo ne sak, irin na mai tallan fura, sai dai wannan yana murɗawa daga ciki zuwa waje yana tafiya. Mirginawa yake yi a cikin iska, shi ya sa ba ya saurin watsewa kamar hucin baki.

Don ka gan shi da ido, sai an sa hayaƙi, kuma a nan muka fi Turawa gata: bakin tafkin Kainji ba a rasa mai banda. Kai kwalin wurin, ka tara bakinsa hayaƙi ya cika. Hayaƙi na ce, ban ce garwashi ba. Kwali da wuta ba su taɓa zama lafiya ba. In masu banda sun kore ka, turaren wuta ma ya isa. Ka zaɓi safiya ko ɗaki a rufe, domin iskar da ke tasowa daga tafki za ta yayyaga maka gammo tun bai yi taku biyu ba. Buga a hankali, za ka ga zoben hayaƙi ya fita yana tafiyar ƙasaita kamar hakimi ranar hawa.

In wani ya ce maka wannan wasan yara ne, ka gyara zama. A 1858 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya yi lissafin yadda irin wannan murɗawa take. A 1867, a birnin Edinburgh, Peter Guthrie Tait ya haɗa akwati mai huda ya dinga harba zoben hayaƙi, abokinsa William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, yana kallo. Abin ya burge Thomson har ya ce ai ƙwayoyin zarra ma irin waɗannan zobba ne. Bai canka daidai ba. Amma a ƙoƙarin bin maganarsa Tait ya zauna yana jera ire-iren ƙulli, wanda yau fanni ne guda a lissafi. Da ya zo nan Yauri, da masu saƙar koma sun rage masa wahala.

Shi kuwa masunci ya daɗe da sanin rabin wannan karatu. Duba ruwa in an ja filafili a kwale-kwale: ƙananan ramuka biyu za su bayyana, suna juyawa suna tafiya tare. Bakunan rabin gammo ne, sauran yana ƙarƙashin ruwa.

Saura zaɓen abin hari. Kofunan roba a jera su dala, lafiya lau. Hular ƙaninka, in ka fi shi gudu. Na taɓa saita hular wani abokina a bakin masallaci bayan la'asar, ban lura kawuna ya shiga tsakani ba. Hular kawun ta karkace, tsoho ya waiga dama da hagu, bai ga kowa kusa ba sai ni can nesa rungume da kwali. Ya yi a'uziyya sau uku, ya tofa, ya ce, "Kai yaro, bar wurin nan, ba ka ga mutanen ɓoye na wucewa ba?"

Na ce, "To, Kawu." Na ɗauki kwalina na bi bayansa.